Guba Ba Ta Ƙoshi, In Ji Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun farko zan nemi afuwa, domin ba duk abin da ke cikin rubutun nan ne zan iya rantsuwa a kansa ba. Wani na gani da idona, wani a bakin matan gidanmu na ji shi, wani kuma na yi ta juya shi a raina har na kasa rabe abin da ya faru da abin da nake zaton ya faru. Inda nake shakka zan ce ina shakka. Abu ɗaya ne ba na shakkarsa: na yi wani laifi, aka ɗora wa maƙwabciyarmu, na yi shiru shekara shida. Ba zan iya ba da labarin Kaka in tsallake wannan ba.

Kaka, mahaifiyar babana, ta rasu a Karaye wata Laraba da hantsi, bayan an gama yankan gero. Ba wanda ya san shekarunta. Saƙo ya same ni a Jega, inda nake aikin malamin gona, da ƙyar na samu sallar jana'iza.

Na zaci masu ta'aziyya za su yi ta maganar haƙurinta da yawan azuminta, kuma sun yi. Amma abin da ya fi fitowa daga bakinsu kyanwa ce. Wani dattijo mai noman albasa ya zo daga Aliero a bayan babur, bayan addu'a ya matso kusa da Baba ya ce, "Mussar da ke gidana jikanyar ta tsohuwa ta. Tun da anka kawo ta ban ƙara ganin kashin ɓera ga buhun hatsina ba." Mussa ita ce kyanwa a bakin mutanenmu. A cikin gida, in ji mahaifiyata, wata mata ta tako da ƙafa daga Kuberi tana kuka, wai kyanwarta ta haihu, ta yi niyyar zuwa ta yi wa tsohuwa albishir, sai ga wannan labari. Wani malami da ke zaune a gefen tabarma ya ce, "Allah shi jiƙan tsohuwa. Ta aurar da ɗiya ƙasar Maiyama hiye da kowane uba." Aka yi dariya kaɗan, sannan kowa ya sunkuyar da kai.

A bayan danga kuwa, Duna, tsohon karenta, ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa, tuwon da aka ajiye masa kaji ne suka cinye.

Maganar malamin nan da gaskiya a cikinta. Kaka ba ta taɓa sayar da ɗan kyanwa ba, kuma ba ta taɓa yarda a zuba su a buhu a kai daji ba. Bayarwa take yi, amma da sharaɗi: gidan da za a kai shi ya zama babu maganin ɓera a cikinsa. Ba ta ɗaukar maganar baki. Sai ta je da kanta, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin rumbu, ta duba bayan randa, ta tambayi inda ake zubar da shara. An ce akwai wani attajiri a Jega da ya aiko da mota a ɗauko masa guda biyu, ta bi motar, ta ga 'yar takardar magani a kan taga, ta komo da kwandonta a rufe kamar yadda ta tafi da shi. Ban ga wannan ba, amma ya yi kama da ita.

Abin da na gani shi ne hidimarta ta yau da kullum. Uwar kyanwoyin gidan, wata toka-toka mai farin wuya, Magajiya take ce mata. Abincinsu bai taɓa fitowa daga kanti ba: ƙanzon tukunya da aka jiƙa, ragowar tuwon jiya, kawunan kifi da masu suya ke yarwa, wani lokaci ɗan nono da aka tsinka da ruwa. Tana aunawa kamar mai rabon gado. Ta kan ce, "Mussa in ta ƙoshi raguwa ta, in ta ji yunwa ɓarauniya ta. Tsakiya aka bi." A lungun bayan ɗakinta akwai fasasshen kasko cike da yashin rafi inda kyanwoyin ke biyan buƙata. In ya ɓaci ta kwashe, ta haɗa da kashin Duna, ta kai wani rami can ƙarshen fili ta rufe. Ba ta yarda a zuba shi a kan takin da za a kai lambu ba, ba ta yarda ya kusanci rijiya ba.

Duna ba ya shiga tsakar gida. Akwai masu gunaguni a kan tsohuwa mai salla da ajiye kare, amsarta kullum ɗaya ce: "Mai gadi na, ba ɗan ɗaki na ba." Da damina yana gona yana korar birai, da rani yana bayan danga kusa da rumbuna, da kaskon ruwansa na kansa. Ranar wankansa kuwa sai ka ce suna za a yi. Ta tafasa ganyen dogonyaro a wata tsohuwar tukunya da ba a girki da ita, ta bari ya huce, ta ja shi gindin bishiyar, ta cuɗa shi da sabulun salo tana yi masa faɗa kamar yana ji. Kaska ɗaya bayan ɗaya take cirewa, ta jefa a toka mai zafi. Ruwan wankan a nan gindin bishiyar yake tsayawa. "Daga nan yah hito, nan za shi koma," in ji ta. Sannan ta shimfiɗa masa busasshen ganyen da toka a ƙarƙashin buhun da yake kwanciya, saboda ƙuma. Ta wanke hannunta har gwiwa, ta sake zane, ta tafi alwala.

Ba zan ce dogonyaro yana maganin komai ba. Ni dai na san ban taɓa ganin Duna da ƙazuwa ba, kuma ban taɓa ganin kaza ta mutu don ta sha ruwan da ya gangaro daga wankansa ba.

Bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, na gama bautar ƙasa, aka ɗauke ni aiki aka tura ni Jega. Na fara zuwa gida da jaka a kafaɗa da takalmi sau-ciki, irin wanda ba mai shi a duk unguwarmu. A shekarar ɓeraye suka yi yawa, har suka huda gindin rumbu ɗaya. Magajiya kuma tana jego, farautarta ta ragu. Sai na zo da 'yar takarda a aljihu.

Kaka, kamar kowace kaka da jikanta namiji, Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya.

"Maigida, mi ag ga takardag ga?"

"Maganin ɓera ne, amarya. Kwana biyu an gama da su."

"To in ɓera yac ci, wa ka cin ɓera?"

"Ba kowa. Mutuwa zai yi."

"Ashe bokonku nan yat tsaya. Magajiya ta ci shi. In ba ita ba, shaho. In anka yar bisa juji, Duna shi tono, ungulu ta sauka. Guba ba ta ƙoshi, Maigida. In ta cinye wanda anka ba ta, sai ta biɗi na gaba."

Na ce, "Ke dai kin tsufa. Na sake ki, 'yar boko zan aura."

Ta ce, "Saki na nawa ke nan? Ka sake ni da sahe, ka zo cin tuwona da rana. Liƙe ramin da laka da ƙaya, ka mai da takardarka inda kaɗ ɗauko ta."

Muka yi dariya. Ban mayar ba.

Ranar da matan gidan suka tafi suna a wata unguwa, da tsakar rana, na kwaɓa maganin da garin ƙuli-ƙuli. Don ya ƙara jan ɓera, na marmasa busasshen kifi a ciki. Har yau in na tuna kifin nan sai in ji kunya ta rufe ni: mai digiri a kan noma, ya rasa abin da zai haɗa guba da shi a gidan kyanwa sai kifi. Na tura shi can tsakanin duwatsun da rumbu ke zaune a kai, na ce wa kaina kyanwa ba za ta iya shiga nan ba. Na hau mota na koma Jega.

Da na dawo bayan kwana biyu, Magajiya ta mutu. Ko maganin ta ci ko ɓeran, ban sani ba. 'Ya'yanta huɗu suna kuka a cikin kwando, idonsu bai gama buɗewa ba. Duna yana amai, yana jan ƙafafun baya. Na tarar Kaka ta sa yayana ya haƙa rami har ƙugu, ta tsince matattun ɓeraye da tsinken kara, ta haɗa su da gawar Magajiya da ƙasar gindin rumbun, aka rufe, ta jibga ƙaya a kai. Yaya yana ta mita wai ramin kyanwa ya kusa na mutum. Ta ce, "Abin da yak kashe ta bai mutu ba. Haƙa." Duna ta yi ta ɗura masa dakakken gawayi da nono. Ya tashi, amma ba zan ce wa kowa wannan ne ya tashe shi ba, wataƙila kwanansa ne bai ƙare ba. Har yanzu da ɗan ɗingishi yake tafiya.

Yanzu ga inda laifin ya ninku. Maƙwabciyarmu, wadda muke ce wa Goggo ko da yake ba jini ya haɗa mu ba, mijinta ya rasu, da suyar kifi take ciyar da 'ya'yanta. Magajiya ta sha yi mata sata. Mako guda kafin wannan, kowa ya ji ta ta kan katanga tana cewa, "Wallahi sai na yi maganin mussag ga!" Ga shi kuma an ga ɓurɓushin kifi a gindin rumbu. Mahaifiyata ba ta jira wata shaida ba. Kaka ta ce, "Ba ita tay yi ba." Aka ce to wa? Ta yi shiru. Sai aka ɗauka kawaicin tsofaffi ne.

Kwanon tuwon da ke ƙetare katanga tsakanin gidajen biyu tun kafin a haife ni ya tsaya. Magana ta fita gari. Mai sayar da abin ci, a ce hannunta ya san guba, kowa ya san abin da zai biyo baya. Masu sayen kifinta suka ragu, yara suka riƙa wuce ƙofarta da gudu.

Ina tsaye a wurin lokacin da aka fara ambaton sunanta. Na buɗe baki, na ga fuskar Baba, na tuna yadda yake nuna ni ga baƙi yana cewa ga malamin gona, na rufe. Na ce gobe. Goben nan ita ce ta kai shekara shida.

Kaka ba ta tambaye ni komai ba. Kwandon ta miƙo mini, da ƙoƙon nonon akuya da auduga. "Kai ka iya awo, Maigida. Ka lailaya auduga kamar lagwani, ka tsoma, ka ɗiga musu. Kada ka matsa, shaƙewa sukai." Na ɗauki hutun mako guda ina wannan aiki. Ɗaya ta mutu a tafin hannuna, uku suka rayu. Da suka isa rabuwa, ta farkon Kaka ta ɗauka da kanta, da rana tsaka, ta bi ta ƙofar gida inda maza ke zaune, ta kai wa Goggo. Duk wanda ya san sharaɗinta ya kamata ya gane abin da take faɗa. Mutane suka ce tsohuwa akwai yafiya.

Kada a ɗauka ta tsani boko. Ita ta sa na kai Duna wurin ma'aikatan dabbobi a Jega aka yi masa allurar haukan kare, kuma ita ke tuna mini in lokaci ya zagayo. Na tsokane ta na ce ai wannan ma maganin Bature ne. Ta ce, "Allura jikin wanda anka yi ma taka tsayawa. Waccan yawo takai."

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, muka shiga cikin gida. Yaya ya ce a yi maganar dabbobin tsohuwa tun ana tare. Ba mai lokacin tafasa ganye da kwasar yashi, in ji shi. Kyanwoyi biyar ne yanzu, a zuba su a buhu a kai daji, kare a ba mafarauta. Ɓera kuma ga maganinsa. Ya zaro 'yar takarda daga aljihu, irin waccan sak. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ke ɗauke da gonar gidan duka.

Daidai lokacin Goggo ta yi sallama da ƙwaryar gumba a kanta, ta sadaka. Ta tsufa ƙwarai. Mahaifiyata ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta kalli takardar hannun Yaya, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ka tambayi waɗanda sunka san yadda aka kwaɓa shi."

Goggo ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta juya za ta fita. Sai na ga cewa wadda ta rage tana cewa "ba ita tay yi ba" mun rufe ta da ƙasa shekaranjiya.

Ban san yadda na miƙe ba. Na ce, "Inna, ni ne. Ni na sa maganin. Ni na haɗa shi da kifi. Goggo ba ta san komai ba."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekara nawa?"

"Shida, Baba."

"Shida," ya maimaita. Bai ƙara ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Goggo ta dawo ta zauna a bakin turmi. Ta ce, "Wa yac ce ban san komi ba? Tun ranar tsohuwa ta hwaɗa min. Sawun takalminka tag gani gindin rumbu. Duk Karaye wa ad da takalmi mai zanen tayar mota in ba kai ba? Da tsintsiya tas share shi kahin kowa shi gani."

Na kasa ɗaga kai.

"Tac ce in yi haƙuri, a bar ka ka hwaɗi da bakinka, in anka tona ka ba ka koyon komi sai ƙarya. Nic ce har yaushe? Tac ce har shi nuna. Ni ban san albasag ga shekara shida za ta yi cikin ƙasa ba." Wata daga cikin mata ta yi dariya ta toshe baki. Goggo ba ta yi ba. "Mun yi hwaɗa da ita, ba sau guda ba. Nic ce, tsohuwa, kunyar jikanki ta hi sunana? Tay yi kuka. Daga nan kullum sai ta zo ƙohwata ta zauna, ta ci kihina gaban mutane, da haƙoranta biyu."

Na san wannan zaman. Na sha wucewa in gan ta a can, in ɗauka kwaɗayin tsufa ne.

Na daɗe ina tunanin ko ya dace in rubuta abin da zan rubuta yanzu game da mamaciya, amma ita ba ta son a rufe rami da ganye. Ina jin Kaka ta yi kuskure a nan. Ta jira ni, wata ta ɗauki nauyin jiran. Sonta gare ni ne ya jawo, kuma tushen abin duka ni ne. Ita da ta san guba ba ta tsayawa a kan wanda aka ba, ta ga yadda shirun nawa ya bi gida-gida, ta yi iyakar ƙoƙarinta ta tare shi da ɗan kyanwa da cin kifi. Bai taru ba. Allah ya yafe mata, ya yafe mini.

Na durƙusa na ce, "Goggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Tsohuwa na yahe mata tun tana da rai. Kai kuwa, ba nan ciki anka ɓata ni ba. Tahi waje ka hwaɗa ma waɗanda sunka ji na hwarko."

Na fita ƙofar gida. Maza suna nan a kan tabarmi, har da dattijon Aliero da ya dawo sadakar. Na tsaya na faɗa, daga takarda har kifi. Ban tuna kalmomin da na yi amfani da su ba. Malamin nan mai barkwanci bai yi barkwanci ba. Ya ce, "Mun ji. Kowa shi kai gida."

Da na koma ciki, Yaya ya miƙo mini takardar maganin. "Kai ka san inda aka mai da ita," in ji shi. Na rasa inda zan jefa ta, ba juji, ba masai, ba wuta. Washegari na mayar wa mai shagon da Yaya ya saya a wurinsa a Jega.

Da yammar ranar sadakar mahaifiyata ta zuba tuwo a kwano ta rufe da faifai. Ba ta aiki kowa ba, ita ta ɗauka ta fita. Ta jima a can. Abin da suka ce ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Da kwanon ya dawo, kawunan kifi ne a ciki.

Kyanwoyin suna nan, Goggo ke auna musu abinci, kuma ta ce duk mai son ɗa sai ta je ta leƙa ƙarƙashin rumbunsa. Wankan Duna ya dawo kaina. Na yi masa na farko makon jiya, ya tsaya shiru, yana ta waiwayen ƙofar ɗakinta. Ban tabbata na sa ganyen daidai ba, ruwan bai yi duhu kamar nata ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya san Kaka, a Karaye ko Kuberi ko Aliero ko Jega, in ya ga na yi kuskure ko na manta wani abu, ya aiko mini ta hannun mutanen gidanmu in gyara. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar nan ya gaya mini ganye nawa take zubawa. Wanda ke da kyanwa daga zuriyar Magajiya ya sanar da ni, ina so in san inda suka kai. Ko'ina a cikin rubutun nan ana iya yi mini gyara, ban da wuri ɗaya. Wanda ya taɓa jin cewa mai suyar kifi ce ta sa guba a gidanmu, shi ne zai gyara nasa, kuma ya gaya wa wanda ya gaya wa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka kabarinta, ya sa tausayin da ta yi wa marasa baki ya tarbe ta. Amin.